Daga Allon Zane Zuwa Filin Gini: Yadda Ake Karatun Zanen Gine-gine a Jami'o'in Nijeriya

Karatun zanen gine-gine yana cikin kwasa-kwasan da suka fi cin lokaci a jami'o'in Nijeriya. Ɗalibi yakan shafe shekara 4 kafin ya karɓi digiri na farko, ko shekara 5 idan jami'ar fasaha ce irin ta Minna ko ta Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. Wannan digirin shi kaɗai ba ya mayar da mutum cikakken akitek. Sai ya koma ya yi digiri na biyu, ya yi bautar ƙasa, ya zauna ƙarƙashin wani gwani mai rajista na aƙalla shekara 2, ya ci jarrabawar ƙwarewa, sannan doka ta yarda ya buga hatiminsa a kan fulan ɗin gini. Ko da yajin aikin malaman jami'a bai gitta ba, tafiyar takan kai shekara 8 zuwa 9.

A bakin jama'a, duk wanda ya zo wurin gini da hular kwano da takarda a naɗe, injiniya ne. A jami'a kuwa an raba aikin gida-gida. Akitek shi ne mai tsara ginin: inda ɗakuna za su zauna, girmansu, ta ina za a shiga, ta ina haske da iska za su ratsa, da yadda ginin zai kasance a ido. Injiniyan gini shi ke lissafin nauyi, ya faɗi kaurin ginshiƙi da yawan rodin da zai shiga ciki da zurfin fandisho. Akwai wanda ya karanta fasahar gini, wanda aikinsa shi ne tafiyar da filin aiki daga haƙar tushe har miƙa makulli. Akwai mai ƙiyasi, wanda ke ƙirga buhunan siminti da tifofin yashi da kuɗin ƙwadago tun gini yana kan takarda. Akwai safiyo mai auna fili, da mai tsara birane. Kowannensu da sashensa a jami'a, kowannensu kuma da hukumar da ke yi masa rajista.

Zariya ce mafari

A shekarar 1952 aka fara koyar da zanen gini a Nijeriya, a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya. A 1955 aka ɗauko sashen aka kawo shi Zariya, da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 kuma ya zama ɗaya daga cikin sassanta na farko. Manhajar wancan lokaci ta Ingila ce, an ɗora ta a kan ƙa'idojin ƙungiyar masu zanen gini ta Birtaniya, malaman ma yawancinsu Turawa ne. Zamani ne da salon da Maxwell Fry da Jane Drew suka yi amfani da shi wajen gina Jami'ar Ibadan yake tashe: dogayen baranda, bangaye masu huda-huda don iska ta wuce, da rumfunan kankare a saman taga. Tsofaffin gine-ginen harabar jami'ar da ke Samaru da yawa suna ɗauke da wannan kama har yanzu. Salon ya dace da kudu mai gumi da laima fiye da arewa mai ƙura da busasshen zafi, amma an daɗe kafin a ɗauki wannan bambanci da muhimmanci a aji.

Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe nata sashen a harabarta ta Inugu, Jami'ar Legas ta biyo baya, daga nan abin ya bazu. A arewa yanzu ana karatun a Jami'ar Jos, da Bayero ta Kano, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da Modibbo Adama ta Yola, da wasu da dama, ban da kwalejojin fasaha irin ta Kaduna da ke ba da difloma. Ƙungiyar masu zanen gini ta ƙasa, NIA, an kafa ta a 1960, hukumar rajistarsu kuma, ARCON, da dokar soja mai lamba 10 ta 1969. Abin lura, mataimakan shugaban ƙasa biyu sun fito daga wannan sana'a: Alex Ekwueme, wanda ya yi karatunsa a Amurka, da Namadi Sambo, wanda ya yi nasa a Zariya.

Mai neman gurbi yana buƙatar kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks. A jarrabawar JAMB ma waɗannan ukun ne ginshiƙi, sai a haɗa da ɗaya daga cikin darussa irin su kimiyyar sinadarai, labarin ƙasa ko zane-zane. Iya zane da hannu yana taimakawa, amma ba shi ne sharaɗi ba. Yara da yawa da suka shigo saboda sun iya zana fuskar mutum sukan tarar cewa abin da ake nema daban ne: iya hango ɗaki a zuci kafin a gina shi.

Situdiyo

Zuciyar karatun ita ce situdiyo, wani babban zaure mai teburan zane inda ɗalibai ke wuni, sau da yawa su kwana. Darasin situdiyo shi ya fi kowane nauyin maki, kuma wanda ya faɗi shi yakan maimaita shekara ko da ya ci sauran. Ba a yin lakca a cikinsa kamar sauran azuzuwa. Malami yakan ba da aiki, ya ce ga fili mai faɗi kaza a wuri kaza, a tsara masa abu kaza, sannan ya riƙa zagayawa tebur-tebur yana duba abin da kowa ya zana, yana ja da jan biro.

Ayyukan suna girma ne tare da ɗalibi. Shekarar farko ta kimiyya ce da koyon riƙe fensir: ja layi madaidaici, rubutun haruffa, zana abin da ido ya gani. A ta biyu ake fara ƙananan abubuwa, kamar rumfar jiran mota, kanti, ko gida mai ɗaki 2. A nan ake koyon ma'aunin jikin ɗan Adam, domin duk gini a kansa ake auna shi. Ƙofar ɗaki takan yi faɗin santimita 90 da tsawon mita 2.1. Matakalar bene idan tsayin kowane taki ya wuce kimanin santimita 17, tsoho zai hau da haki, idan kuma takun ba su zo daidai da juna ba, sai an yi tuntuɓe. Ana sa ɗalibi ya auna gadonsa, da banɗakin da yake shiga, da faɗin da mutum biyu ke buƙata su wuce juna a lungu. Daga shekara ta uku sai makarantar firamare, asibitin sha-ka-tafi, kasuwa, tashar mota. A digiri na biyu kowa yakan zaɓi babban aiki guda, ya rubuta kundin bincike a kansa, ya kuma zana shi dalla-dalla.

Kowane aiki yana bin hanya ɗaya. A je a ga filin: ina gabas, ina ruwa ke gangarawa idan an yi sama, ina titi, wace bishiya ce ba za a sare ba. A ziyarci gine-gine irinsa a ga inda suka dace da inda suka kuskure. Sannan a fara zane, yawanci a kan sikelin 1:100, wato santimita guda a takarda mita guda ne a ƙasa. Fulan yana nuna ginin kamar an cire rufi an leƙo daga sama. Zanen fuska yana nuna shi daga waje. Akwai kuma zanen da ke nuna shi kamar an tsaga shi biyu daga rufi har tushe, kuma a nan ne malamai ke gane wanda ya fahimci gini da wanda ya iya ado kawai, domin a nan ake ganin ko bangon sama yana zaune a kan wani abu ko a kan iska yake.

Ƙarshen kowane aiki shi ne juri. Ɗalibi yakan manna zanensa a bango, ya ajiye ɗan samfurin ginin da ya haɗa da kwali da gam, ya tsaya gaban malamai, wani lokaci har da baƙi daga wasu jami'o'i, ya kare abin da ya yi cikin 'yan mintuna. Tambayoyin ba su da taushi. Ta ina motar asibiti za ta shiga? Idan gobara ta tashi a hawa na uku, ta ina mutane za su sauko? Wannan ginshiƙin da ke tsakiyar sahun masallata, wa ya aike shi? Ana sukar wannan tsari da cewa yakan koma wurin nuna isa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba a samo abin da ya fi shi koya wa mutum kare ra'ayinsa a gaban mai kuɗi da hukuma ba.

Allon zane da doguwar rula sun ja baya tun da kwamfuta ta shigo. Yanzu AutoCAD da Revit da ArchiCAD da SketchUp ne kayan aiki, ga manhajojin da ke fitar da hoton gida kamar an riga an gina shi, har da motoci a ƙofa da shuɗin sama. Sassa da yawa suna hana amfani da su sai bayan shekara ta biyu, don hannu ya fara faɗawa. Dalilin a fili yake: kwamfuta tana iya ƙawata gurguwar dabara. Ta kuma ƙara wa karatun tsada, domin ba kowace kwamfuta ke ɗaukar waɗannan manhajoji ba, ga kuɗin buga manyan takardu duk lokacin juri, ga matsalar wuta.

Kewaye da situdiyo akwai darussan da ke ciyar da shi: lissafin nauyin gini, kayan gini da halayensu, aikin famfo da wuta da magudanar ruwa, tarihin gine-gine, dokokin kwangila, da ilimin yanayi.

Rana, ƙura da ruwan gabas

Darasin yanayi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne wanda aka fi koyarwa a aji aka kuma fi watsarwa a gari. Ƙa'idarsa ga ƙasar Hausa ba ta da wuya. Rana tana dukan bangon gabas da safe, ta gasa na yamma da la'asar, saboda haka dogayen ɓangarorin gini su fuskanci kudu da arewa, a rage tagogi a gabas da yamma. Hunturu yana zuwa daga arewa maso gabas da ƙurarsa. Hadarin damina yawanci daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da gari ya fara sanyi. Tsakar gida mai inuwa tana tara sanyin dare.

Ɗalibi yakan rubuta duk wannan a jarrabawa ya ci. Idan ya fito sai ya tarar mai gida yana son bangon gilashi da dogon rufi mai tsini irin wanda ya gani a Abuja, rufin da asalinsa an yi shi ne don ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba. Sakamakon shi ne gidan da ba ya zaunuwa a watan Afrilu sai da na'urar sanyaya ɗaki da janareta.

Maginan gargajiya sun san waɗannan ƙa'idoji tun kafin a rubuta su. Tazarar da ke tsakanin Samaru da birnin Zariya ba ta da yawa, kuma a cikin birnin ne Masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu, da ake kuma kira Muhammadu Durugu, ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Matsalar da ya warware matsala ce ta injiniya tsantsa. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. Don a sami faɗi, sai magina su riƙa dasa azara a jikin bango suna turo ta ciki kaɗan-kaɗan, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan aka gitta bakuna aka yi ɗaurin guga, sai a ɗora tulluwa a kai. Bangon kuma na tubali ne, mai faɗi a ƙasa yana sirancewa a sama. Ana kare shi daga ruwa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Indararo yana jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon masallacin da sabon gini na zamani, amma bakunan Babban Gwani suna nan a ciki.

An yi rubuce-rubuce masu nauyi a kan wannan fasaha. Z. R. Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru yana aunawa da zana gine-ginen gargajiya na Nijeriya, aikin da aka buga cikin littafi mai juzu'i 3 a 1990, kuma shi ne ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. J. C. Moughtin ya fitar da littafi a kan ginin Hausa a 1985. Farfesa Hamman Tukur Sa'ad ya yi digirinsa na uku a kan yadda maginan Hausa ke auna kyau a aikinsu. Duk da haka, a yawancin sassa wannan ilimi yana zaune ne a darasin tarihi, a jere da haikalin Girka da dalar Masar, ko a darasin da ake tura ɗalibai su auno tsohon gini irin Gidan Makama na Kano su zana shi. Ana koyar da shi a matsayin abin da ya wuce. Ba kasafai ake kawo sarkin magina situdiyo ya nuna yadda ake kwaɓa ƙasa da ɗaura baka ba, kuma wannan asara ce, domin masu wannan sani suna ƙarewa.

A maƙwabta an nuna cewa ƙasa ba kayan talauci ba ce. Masallacin Yaama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mariam Issoufou, 'yar Nijar da ta fara da karatun kwamfuta kafin ta koma zanen gini a Amurka, ita da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Francis Kere na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar firamare ta ƙasa a ƙauyensu Gando, ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. A gida Nijeriya ma, Demas Nwoko, wanda zane-zane ya karanta a Zariya ba zanen gini ba, an karrama shi a bikin baje kolin gine-gine na Benis a 2023 saboda gine-ginensa da suka dogara da kayan gida da iskar Allah. Sabuwar manhajar da hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta ware zanen gini a matsayin fanni mai zaman kansa, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ga sassan da ke arewa, wannan gurbi ne da ginin ƙasa zai iya shiga situdiyo.

Filin aiki

Kafin kammala digiri na farko ana tura ɗalibi koyon aiki na wasu watanni ƙarƙashin shirin SIWES, a ofishin masu zane, ko ma'aikatar ayyuka, ko wurin ɗan kwangila. Wanda ya dace aka kai shi filin gini, a nan yake ganin tazarar da ke tsakanin takarda da ƙasa. A aji an ce masa kankaren gama-gari kwano 1 ne na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. A fili zai ga lebura yana ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin zuba, alhali yawan ruwa yana raunana kankare. Zai ga an sa rodi mai milimita 12 inda zane ya ce 16. Zai ga bulon da aka ja buhun siminti ya fitar da fiye da ƙima, wanda ke marmashewa a hannu. Zai ga ana son cire katako da turakun dakin kafin lokaci saboda kafinta yana da wani aikin. Zai kuma haɗu da birkila wanda bai taɓa shiga aji ba amma da ido yake gane bangon da ya karkace, kuma ɗalibi mai hankali yakan rage girman kai a gabansa.

Illar waɗannan ƙananan ha'ince-ha'ince ba a ɓoye take ba. Bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum fiye da 40. A Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma aiki da shi ya rataya ne a wuyan jihohi. Injiniyoyi suna da hukumarsu, COREN, tun 1970, masu ƙiyasi tun 1986, masu fasahar gini tun 1989. Dokoki da hukumomi ba su yi kaɗan ba. Abin da ya yi kaɗan shi ne ginin da ke bi ta hannunsu.

Yawancin gidajen da ake ginawa a unguwannin Kano da Kaduna da Katsina ba su taɓa ganin akitek ba. Mai fili yakan kira birkila, a ja layi da ƙafa ko da toka, a fara haƙa, a gina har linta, a tsaya sai an sami kuɗi. Wani yakan sayi fulan ɗin da aka yi wa wani fili daban. A doka, kafin a ɗora bulo sai an kai zane ga hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, da hatimin akitek da na injiniya, a sami takardar izini. Wannan sharaɗi ya haifar da wata kasuwa ta bayan fage, inda wanda bai da rajista zai yi zane, mai rajista ya buga hatimi a karɓi ɗan wani abu, ba tare da ya taka filin ba.

Wanda ya gama karatun yana da hanyoyi da dama. Wasu sukan shiga ofisoshin zane, waɗanda suka fi yawa a Abuja da Legas da Kaduna da Kano, wasu ma'aikatun gwamnati da sassan gine-gine na jami'o'i da bankuna. Da yawa sukan haɗa zane da kwangila, domin kuɗin yana wajen ginin ne, ba wajen takardar ba. Wasu sun karkata ga adon cikin gida, ko tsara lambuna, ko fitar da hotunan gidaje a kwamfuta ga kamfanonin sayar da filaye. Mai difloma daga kwalejin fasaha yakan yi aiki a matsayin mataimaki, idan kuma yana son cikakkiyar rajista sai ya bi ta ƙarin karatu a jami'a. A Nijar da Chadi da Kamaru hanyar ta ɗan bambanta: ɗalibai da yawa sukan nufi makarantar zanen gini da tsara birane ta EAMAU da ke Lome a Togo, wadda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka haɗu suka kafa a shekarun 1970. A Gana kuwa tsohuwar makarantar wannan fanni tana Kumasi, a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah.